Wane Magani Ya Dace Da Mai Ciwon Jijiyar Laka A Bakin Iyaka?

A cikin watan Yuli na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magunguna uku na ciwon da likitoci ke kira moltiful siklerosis cikin jerin magungunan da take ganin wajibi ne kowace ƙasa ta tanada wa jama'arta. Su ne kiladiribin, da gilatirama, da rituksimab. Labarin bai ja hankali ba a ƙasar nan, alhali kuwa ya shafi mutanenmu, har da na can ƙuryar Jihar Kebbi, watau ƙasar Bagudo, inda Kaoje da Illo da Lolo da Tsamiya suke fuskantar Jamhuriyar Benin.

Mai karatu zai tambaya, wane irin ciwo ne wannan? Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙo a cikin ƙwaƙwalwa da laka suna da kube, kamar yadda wayar lantarki take da rigar roba. To, a wannan ciwo garkuwar jikin mutum ce take ɓatan kai, ta riƙa cin wannan kube. Sai ka ga matashi ya wayi gari ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta yi nauyi, ko hannu ya mutu, bayan 'yan makonni abin ya lafa kamar ba a yi ba, can kuma ya komo. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya fayyace kamanninsa a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutane wajen miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya, mata kuwa sun ninka maza. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, wannan gaskiya ne, amma ƙarancinsa a wurinmu bai sa babu shi ba. Kuma saboda yana zuwa yana tafiya, mutanenmu sun fi saurin jingina shi ga iska ko sammu.

Ra'ayina shi ne, ga mutumin Bagudo, maganin da ya fi shi ne wanda zai iya samu, ya iya adanawa, ya kuma iya ɗorewa a kansa shekara da shekaru. Sunan magani da tsadarsa suna baya.

Mu ɗauki misalin malamar makaranta a Kaoje wadda aka tabbatar tana da ciwon. In an ba ta gilatirama, allura ce da za ta riƙa yi wa kanta ƙarƙashin fata, ko dai kullum ko sau uku a mako. Magani ne mai sauƙin illa, shi ya sa likitoci kan zaɓe shi ga macen da ke sa ran haihuwa, sai dai ƙarfinsa matsakaici ne. Amma fa yana son firji. Wanda duk ya san bazarar Kebbi, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya kuma san halin wutar lantarki a karkara, ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Kiladiribin kuwa ƙwaya ce, ba ruwanta da firji. Ana shan ta 'yan kwanaki a shekarar fari, 'yan kwanaki a ta biyu, duka-duka ba su wuce kwana ashirin ba, sa'an nan a huta. A ido, kamar don mutumin nesa aka yi ta. Amma tana rage fararen ƙwayoyin jini, don haka tilas a riƙa awon jini, ba a kuma ba mai ƙanjamau ko mai tarin fuka ko ciwon hanta da bai kwanta ba. Bugu da ƙari, mace ko namiji, sai an ƙaurace wa samun ciki har wata shida bayan ƙwayar ƙarshe. Wannan magana ce da likita ya kamata ya zaunar da mata da miji ya faɗa musu ɓaro-ɓaro, domin a gidajenmu ba mace kaɗai ke yanke wannan shawara ba.

Na ukun, rituksimab, ƙarin ruwa ne da akan yi a asibiti kamar sau ɗaya a wata shida. Asalinsa maganin wata irin sankara ce ta jini, daga baya aka gano amfaninsa ga wannan ciwo, har ƙasar Suwidin ta dogara da shi ƙwarai. Tafiya biyu a shekara zuwa Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, abu ne da ma'aikaci zai iya tsarawa. Haɗarinsa shi ne yakan tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, ciwon da kuwa ya yawaita a cikinmu, mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Wanda ya sa wa mutum wannan ruwa ba tare da awon hanta ba, ya yi ganganci.

Akwai kuma wani dalili da ya sa hankalina ya fi karkata ga rituksimab. Akwai wani ciwo mai kama da wannan, mai kama jijiyar ido da laka, wanda ya fi yawa ga baƙar fata fiye da Turawa, kuma tun 2004 aka gano alamarsa a jini. Wasu magungunan moltiful siklerosis, kamar intaferon da fingolimod, suna iya tsananta shi, amma rituksimab yana amfani ga duka biyun. Haka nan tarin fukan ƙashin baya yakan kashe ƙafafu, shi kuwa maganinsa daban ne sarai. Ashe ke nan kafin a yi maganar zaɓen magani sai an yi hoton ƙwaƙwalwa da laka, an yi awon jini, likitan jijiyoyi ya sa baki.

Nan ne maganar iyaka ta shigo. Wanda kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsa, ɗan'uwa zai ce masa a aika Segbana ko Kwatano, wai ya fi araha. Araha kuwa ba ta ado. Gwamnatin Benin da kanta ta kai samame kasuwar Dantokpa a 2017, ta kwashe magungunan jabu tuli, kuma a wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Ko da na gaskiya ne, kwalbar da ke son sanyi in ta yini a bayan babur cikin rana, me ya rage a cikinta? Mu kuma tuna da watan Agusta na 2019, da aka rufe iyakokin ƙasa ba zato ba tsammani. Akwai magani irin fingolimod wanda in an yanke shi kwatsam ciwon kan dawo fiye da da. Hanyar da takarda ɗaya daga Abuja za ta iya toshewa ba abar dogara ba ce ga mai ciwon shekaru.

Ba zan wuce ba sai na taɓo firedinisolon da 'yan'uwanta, waɗanda masu kemis ke sayarwa kamar gyaɗa. Suna gaggauta lafawar ciwon in ya taso, shi ya sa majiyyaci ke zaton ya dace. Amma ba su hana shi komowa, kuma yawan shan su yana jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KECHEMA, da su duba shigar da rituksimab da awon hanta cikin abin da ake biya wa ma'aikata. Masu ciwon ba su da yawa, nauyin ba zai karya baitulmali ba. A kuma umarci asibitocin Bagudo da kewaye cewa duk matashin da ya zo da dushewar ido ɗaya ko mutuwar gaɓa da ta tafi ta komo, a rubuta masa takardar zuwa wurin likitan jijiyoyi tun a zuwansa na fari.