Ƙarancin Ƙwayoyin Daskarar da Jini ga Mai Juna Biyu: Lissafin Littafi da Halin Ɗambatta

A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi da ɓargo ke ƙerawa, waɗanda likitoci ke kira filatilet. Aikinsu shi ne toshe jijiyar da ta yanke har jini ya daskare. Kowace ƙwaya kan rayu kwana 7 zuwa 10. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a cikin maikurolita guda na jini, wato abin da bai kai ɗigo ba. In adadin ya gaza 150,000, an sami ƙaranci.

Littattafan likitanci sun nuna cewa kusan mace 1 cikin masu juna biyu 10 kan sami wannan ƙaranci, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na waɗannan mata ba su cikin haɗari. Ruwan jinin mai ciki yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50, sai ƙwayoyin su tsarma kamar kunun da aka ƙara wa ruwa, sa'an nan saifa da mabiyiya su riƙe wasu. Bayan haihuwa da 'yan makonni adadin ya koma daidai.

Wannan bayani gaskiya ne, amma yawancin alƙalumansa daga Turai da Amurka aka tattaro su, inda babu zazzaɓin cizon sauro. Ɗora shi kan matar Ɗambatta ba tare da bincike ba ganganci ne. Ƙasar noma ce mai yawan jama'a, ga fadamun shinkafa, ga madatsar ruwa ta Thomas, sauro kuwa ba ya rasa wurin ƙyanƙyasa. Ƙwayar zazzaɓi ta falsifarum tana sa saifa ta kumbura ta lanƙwame filatilet, kuma tana maƙalewa a mabiyiya, musamman a cikin fari, ko da jikin matar bai yi zafi ba. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa a riƙa ba mai ciki maganin rigakafi na SP a duk zuwa awo, da tazarar wata guda, daga mako na 13.

Sanadin da ya fi ban tsoro shi ne hawan jinin ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. A nan bangon ƙananan jijiyoyi ne ke sassaluɓewa, filatilet su yi ta manne wa raunukan har su ƙare. Idan abin ya tsananta, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, hanta ta taɓu. Likita Louis Weinstein ne ya raɗa wa wannan yanayi suna HELLP a 1982. Alamunsa kan yaudari iyali: ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, amai, ciwon kai. Sai a ce gyambon ciki ne, a jiƙa kanwa, alhali maganinsa na haƙiƙa shi ne a gaggauta raba uwa da cikin a asibiti.

Akwai sauran dalilai: garkuwar jiki ta juya wa filatilet baya, rashin sinadarin folik ko bitamin B12, cutar ƙanjamau, da wasu magunguna.

Matsalar ita ce, a yawancin ɗakunan awon karkara ƙarfin jini kawai ake aunawa, wanda ya shafi jajayen ƙwayoyi. Mace na iya cin wannan gwaji alhali filatilet ɗinta sun faɗi. Ya kamata a yi wa kowace mai ciki cikakken ƙidayar jini aƙalla sau biyu, a farkon awo da wajen wata na bakwai, tare da awon hawan jini da na fitsari. Lambar tana da amfani a aikace: ƙasa da 70,000 likitoci kan guji allurar kashin baya, ƙasa da 50,000 kuma tiyata na buƙatar tanadin filatilet, wanda sai manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gara a san haka tun ciki na wata bakwai, a shirya tafiya birni, da a gano shi tsakar dare jini na zuba. Ɗambatta tana da makarantar horar da ungozoma; ɗalibanta ne suka fi cancanta su fara koyon tambayar mai ciki ko tana haɓo, ko dasashinta na jini.