GIDAN KATAKO KO NA KANKARE: WANNE YA FI?

Wanda bai taɓa zuwa Amurka ba, in ya ga hotunan dogayen benayen New York, sai ya zaci duk ƙasar da ƙarfe da kankare aka gina ta. Alhali kuwa yawancin mutanenta cikin gidajen katako su ke kwana. Cikin sababbin gidaje 10 na iyali guda, wajen 9 da katako a ke yinsu. To, yanzu gardama ta taso tsakanin maginansu: a ci gaba da katako, ko a koma ga wani irin gini na kankare mai rigar soso? Gardamar ta cancanci mu saurara, don akwai abin koyo a cikinta.

Ginin katakon nan ya samo asali ne a wajen Chicago cikin shekarun 1830, sa'ad da injin zarto ya yawaita, ƙusa kuma ta yi araha. A kan jera sandunan katako masu kaurin inci 2 da faɗin inci 4, a bar inci 16 tsakanin kowace sanda da 'yar'uwarta, a kafe su da ƙusa, a rufe da falanki, a cusa abin tare sanyi a tsakani. Kafintoci kaɗan sun isa su ta da ƙashin gida cikin 'yan makonni. Ƙasa ce mai dazuzzuka, mutane kuwa suna ta kwarara yamma, kowa na neman wurin sa haƙarƙarinsa. Katako ya biya musu bukata, ba mai musun wannan.

Ɗaya ginin kuwa ga yadda ya ke. Akwai wani farin soso mai tauri, marar nauyi, irin wanda a kan tsare rediyo ko firji da shi cikin kwali. Kamfanin BASF na Jamus ya fito da shi a farkon shekarun 1950. Cikin 1966 wani ɗan kwangila a Kanada, Werner Gregori, ya nemi rajistar dabarar yin bulo da shi. Bulon fanko ne, soso ta ciki, soso ta waje. A kan jera shi, a zura rodi, sa'an nan a zuba kankare a tsakiya, galibi kaurin inci 6. In kankaren ya bushe ba a cire soson, nan zai zauna muddin ran gidan. Watau bango ɗaya, aiki biyu: kankare ya ba da ƙarfi, soso ya tare zafi da sanyi da ƙara.

A ganinmu, duk inda guguwa ta saba ratsawa, wannan bango ya fi na katako nesa ba kusa ba. Cikin 1992 guguwar Andrew ta rushe gidaje fiye da 25,000 a Florida. Ran 4 ga Mayu, 2007, wata ta share kashi 95 cikin 100 na garin Greensburg a Kansas. Ba ƙarfin iska kaɗai ke kisa ba, har da tarkacen da ta ɗauko. Masana a jami'ar Texas Tech sun gwada wannan: suka harba sandar katako mai nauyin laba 15, da gudun mil 100 cikin awa. Ta huda bangon katako ta wuce, da ta gamu da na kankare sai ta farfashe. Cikin Oktoba, 2018, da guguwar Michael ta auka wa garin Mexico Beach, duniya ta ga hoton wani gida na kankare da rodi tsaye a bakin teku, na kewaye da shi sun zama tarkace. Gani ya kori ji.

Amma kada a yi gaggawar yanke hukunci, don masu katako ma suna da hujja. Na fari, kuɗi. Bangon soso ya fi tsada ran gini, maginan da suka iya shi kuma ba su da yawa. In aka zuba kankare da garaje sai bulon ya fashe, ko a bar rami cikin bango wanda ido ba ya gani. Na biyu, gyara. Mai gidan katako in yana son sabuwar taga, zarto ya ishe shi. Mai kankare sai ya nemo inji. Na uku, gara ba ta cin soso, amma ta kan fafe hanya a cikinsa ta haura zuwa katakon rufi a ɓoye. Na huɗu, soson yana narkewa da wuta, tilas a rufe shi da allo ko shafe. Har wa yau, masana'antun siminti su ke fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, itace kuwa in an sare a kan dasa wani. Ga shi kuma gidan katako, saboda rashin nauyinsa, ya kan jure girgizar ƙasa in an ɗaure shi da kyau.

Sai kuma a tuna bango ba shi ne gida duka ba. Gidan nan na Mexico Beach, bayan bangonsa, an kafa shi bisa ginshiƙan da aka nutsa ƙafa 40 cikin ƙasa, an kuma ɗaure rufinsa tam. Haka nan gobarar daji, irin wadda ta cinye garin Paradise a Kalifoniya cikin 2018 ta hallaka mutum 85, ta rufi da tagogi da kafofin iska ta ke shiga. Wanda ya yi bangon kankare ya ɗora masa rufi sakaka, ya yi aikin baban giwa.

Duk da haka muna nan a kan ra'ayinmu. Kuskuren mai gini shi ne ya lissafa kuɗin ran gini kaɗai. Gida abin shekaru 50 ne ko fiye. A haɗa da kuɗin wutar ɗumama shi da sanyaya shi, da na inshora, da na sake gini bayan masifa, sa'an nan a ga wanne ne mai araha. Ran 'ya'ya kuwa ba ya shiga lissafi. Inda ba guguwa, ga daji kusa, katako ya wadatar. Inda a ke tsoronta kowace shekara, araha ba ta ado.

Mu nan fa? Ginin katako bai dace da mu ba, don itace ya yi ƙaranci, gara kuma ta yi yawa. Amma hikimar bangon soso ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da suka yi soro da tubali da azarar giginya sun san bango mai kauri shi ke riƙe zafin rana, ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu. Muka bar wannan muka kama bulo mai rami da kwano, ga shi watan Afrilu ɗaki ba ya kwantuwa. Ba mu ce kowa ya sayo soso ba. Abin da mu ke roƙon magina da ma'aikatun gidaje shi ne, kafin a aza harsashi a yi tambaya biyu: bangon nan zai tsaya? Zai kuma tare zafi? Ba a fafe gora ranar tafiya.