Haɗewa Ko Haɗiyewa?

Jama'ar kasuwar birnin Zariya, ku da kuka san halin dillali, ba sai mun koya muku ba. Idan ya tashi sayar da doki gurgu, sai ya yi ta yabon sirdi da linzami, ba zai ambaci ƙafa ba. To, haka manyan kamfanoni suke yi ran da ɗaya zai cinye ɗaya. Sai su aiko wa masu hannun jari littafi mai kauri da Turanci, shafin farko cike da "ƙarin ƙarfi" da "bunƙasa" da "gobe mai haske", lissafin bashi kuwa an tura shi can baya da ƙananan baƙaƙe. Kalmar da suka fi so ita ce "haɗewa". Mu kuwa sau da yawa haɗiyewa muke gani.

Ku dubi Bank of the North, bankin da iyayenmu suka sani tun zamanin Sardauna, mai dogon bene a Kano. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo yana gwamna, ya ce lalle kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Namu ya shiga cikin tara da aka dunƙule aka kira Unity Bank a 2006. Sunan ma lallashi ne, watau haɗin kai. Aka ce wa mutane tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Amma gurgu tara in sun riƙe hannun juna, ai ba su zama mai gudu ba. Bankin ya yi shekaru bashin da ke kansa ya fi dukiyarsa, har a Agusta 2024 Babban Banki ya amince da rancen naira biliyan 700 domin a haɗa shi da Providus. A wannan karon ma "haɗewa" aka ce. Taron masu hannun jari na Satumba 2025 kuwa a Abeokuta aka yi shi. Mai sayar da barkono a Ƙofar Doka, da wane kuɗin mota zai je can ya ɗaga hannu?

Nan ne gizo yake saƙarsa. A dokar kamfanoni, irin wannan ciniki yana wucewa idan masu kashi uku cikin huɗu na darajar hannun jarin waɗanda suka halarta suka yarda, da kansu ko ta wakili. Ba kawuna ake ƙirgawa ba, kuɗi ake ƙirgawa. Wanda bai je ba, bai kuma aika wakili ba, kamar babu shi, amma hukuncin zai hau kansa. Shi ya sa ake zuba zuma a shafin farko, domin talaka ya sa hannu a takardar wakilci ya ba shugaban taro wuƙa da nama, ko kuwa ya ajiye ta a ƙarƙashin tabarma.

Kada kuma a ce lissafi ba ya ƙarya. Cadbury, masu Bournvita da Tom Tom ɗin da ke kan teburanku, sun yi shekaru suna shelar riba. Sai da uwar kamfanin ta Ingila ta ɗaga rabonta ya haura rabi a 2006, aka sa masu bincike, kana aka gano an kumbura littattafai da wajen naira biliyan 13 zuwa 15. Aka sallami shugaban da mai kula da kuɗi. Ashe babban mai saye yana da ikon buɗe bakin doki ya ƙirga haƙora, mu kuwa sai cinikin biri a sama!

Saboda haka muna kira ga hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta tilasta a fassara taƙaitaccen bayanin kowace haɗewa da Hausa, a kuma karanta a rediyo. Ku kuma 'yan'uwa, in takarda ta zo, ku kai wa ɗanku mai boko ya fara daga baya. Ya faɗa muku nawa ne bashi, nawa za a biya ku kan kowane hannun jari, nawa kuka saya, su wa za su ci gaba da zama a kujerar darekta, reshe nawa za a rufe. In kun haɗa mutum hamsin a layin 'yan tireda, ku naɗa wakili ɗaya, ku tara masa kuɗin mota.