Haushin kaza, huce kan dami

A shirina na dare wani mai sauraro ya bugo waya yana faɗa, wai me ya kai ni ambaton Sigmund Freud, mutumin da bai yarda da Allah ba. Malam, ai ba limanci na ba shi ba.

Likita ne a Biyana ta Ostiriya. Cewa ya yi yawancin abin da ke juya mutum yana ɓoye inda shi kansa bai gani, musamman abin da ya danne tun yarinta. A 1923 ya kasa zuciya uku: mai son daɗi yanzu-yanzu, mai tsawatarwa da muryar iyaye, da mai sasanta su.

Zancensa na yaro yana kishi da ubansa, ni ma ban gamsu da shi ba. Amma magidancin da aka ci wa mutunci a wurin aiki, ya haɗiye, ya dawo gida ya sauke wa matarsa saboda gishirin miya fa? Matan nan ne ke kirana ƙarfe 11 na dare suna kuka. Kowa haƙuri yake ba su, ba mai tambayar mijin abin da ya haɗiye.