Kallon Tsuntsaye A Ranar Bankwana Da Kurmi

Ya 'yan'uwa Musulmi, wanda ya ziyarci kurmin Kuros Riba, da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1991, ya kyautu ya keɓe safiyar ranar ƙarshe don kallon tsuntsaye, domin da sassafe suke fitowa kiwo. A can ake samun aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda yake ƙwai cikin kogon manyan itatuwa.

To, a wannan rana ce kuma matafiyi yake neman tsaraba, a nan muke jan hankali. Masu kamu sukan kwashe 'ya'yan aku daga kogo, da yawansu kuwa a hanya suke mutuwa. Saboda haka a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana fataucin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a cikin tafiya, Annabi (S.A.W.) ya umarta a mayar mata.

Kallon halitta tafakkuri ne, sayen kamammen aku kuwa taimakon ɓarna ne. Kada ɗan kasuwa ya saya, kada ma'aikacin kan iyaka ya kau da ido. Allah Ya sa mu dace, amin.