Shafaffen allo a kan tsohuwar kwamfuta: inda masu saye ke asarar kuɗi

A shagunan buga takardu, ofisoshin makarantu da cibiyoyin jarrabawa, allon kwamfuta mai doro yana ta ɓacewa, shafaffen allo na maye gurbinsa. Kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur kuwa tana nan yadda take, yawanci Dell ko HP ce ta gwanjo da ta haura shekara goma. Haɗa waɗannan biyun ne ke sa mutane komawa kasuwa sau biyu ko uku, daga titin Beirut a Kano har Computer Village a Ikeja, suna sayen wayar da ba za ta yi aiki ba.

Dalilin sauya allon a fili yake. Mai doro mai inci 17 yakan ci wuta kusan wat 80, shafaffe mai girma irin nasa kuwa bai cika wuce wat 20 zuwa 25 ba. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa sama da naira 200 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan bambanci ya zama kuɗi. A ƙaddara tazarar wat 60 ce, ana aiki awa takwas a rana, kwana 26 a wata: yunit 12 da rabi ke nan a kan kwamfuta ɗaya. Mai kwamfuta 20 zai rage yunit 250 duk wata, abin da ya haura naira dubu 50. Wanda ke kan janareta ko batir ya fi kowa jin sauƙin. Ga kuma shirin gwamnatin tarayya na mayar da jarrabawar WAEC da NECO ta kwamfuta, bayan JAMB da ta koma gaba ɗaya tun 2015, wanda ya sa makarantu fito da duk wata kwamfutar da ke ajiye a sito.

Matsalar tana wurin kafar da ake soka waya. Shuɗiyar kafar nan mai ramuka 15, wato VGA, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma hoton analog take aikawa. DVI, mai faɗi wadda galibi fara ce, ta zo a 1999. HDMI ta biyo baya, sai DisplayPort a 2006, su kuma dijital ne. A Disambar 2010 Intel da AMD, tare da Dell, Lenovo, Samsung da LG, suka sanar cewa za su janye VGA sannu a hankali zuwa 2015. Sakamakon haka ne yau ake samun sabon allo mai HDMI kaɗai, a kai shi gida a tarar kwamfutar ba ta da ita.

Idan allon yana da VGA, magana ta ƙare: waya ɗaya, a ɗaure kusoshinta biyu, a danna maɓallin Auto da ke jikin allon don hoton ya daidaita. Idan kwamfutar tana da DVI, wayar DVI zuwa HDMI ta wadatar, domin siginar hotonsu iri ɗaya ce.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne DisplayPort. Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex 7010, waɗanda suka cika kasuwar gwanjo, suna zuwa da VGA da DisplayPort, babu HDMI. Kafar tana kama da HDMI, amma kusurwa ɗaya ce kawai aka yanke mata, kuma wanda ya tura wayar HDMI da ƙarfi zai iya lalata ta. Ƙaramin mahaɗin DisplayPort zuwa HDMI yana magance wannan, musamman idan akwai alamar DP++ kusa da kafar, kuma hotonsa ya fi na VGA tsabta. Mai irin wannan kwamfuta da ya je neman na'urar sauya VGA ya kashe kuɗi ne a kan hanya mafi muni alhali mai kyau tana bayan akwatin.

Sai wanda VGA kaɗai gare shi, allon kuma HDMI kaɗai. A nan ne aka fi yin asara. Analog ba ya zama dijital da waya zalla, sai da na'urar da ke sauya sigina, wadda 'yan kasuwa ke kira konbata, kuma hanya ɗaya take bi. Wadda ta fi yawa a shaguna, mai kan HDMI da ramin VGA a ƙarshe, an yi ta ne don sabuwar laftof da tsohon allo ko majigi. Idan aka juya ta, allon zai tsaya baƙi. Abin da ake buƙata shi ne mai ɗaukar VGA ta fitar da HDMI, kuma ana gane ta da ƙaramar wayar USB da take jan wuta da ita, sau da yawa har da wayar sauti, tun da VGA ba ta ɗaukar murya. Doguwar wayar nan mai VGA a kai ɗaya da HDMI a ɗaya kan, wadda babu komai a cikinta, ba za ta yi wannan aiki ba komai arharta. Mai shago ba lallai ne ya yi niyyar cuta ba. Sau da yawa shi ma sunan kafofin ya ji bai tambayi wacce ce a jikin kwamfutar ba. Hoton bayan kwamfutar da na bayan allon a wayar hannu ya fi dogon bayani.

Ko bayan an haɗa, akwai ƙananan abubuwan da ke sa a zargi allo a banza. Idan kwamfutar tana da katin hoto daban, a jikinsa ake soka waya, can ƙasa, ba a kafar sama ba. Allo mai kafa biyu yana buƙatar a zaɓa masa wadda zai saurara. Shafaffen allo kuma yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da shi, kamar 1920 da 1080 ko 1366 da 768. Idan Windows ta tsaya a 1024 da 768, rubutu zai yi dishi-dishi, fuskoki su baje. Yawanci rashin manhajar direban hoto ne ke jawo haka, kuma sanya ta kyauta ne.

Sai dai akwai tambayar da ta fi ta waya nauyi, wato nawa ya kamata a kashe wa kwamfutar da kwananta ya kusa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, illa waɗanda suka shiga shirin ƙarin gyaran tsaro na ɗan lokaci. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0 da kwakwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Kusan duk kwamfutar da VGA ce kaɗai kafarta ta faɗi wannan sharaɗi. Za ta ci gaba da buga takardu da koyar da ɗalibai, amma barinta a kan intanet da bayanan banki ko na jarrabawa haɗari ne da ke ƙaruwa, sai dai idan an sa mata Linux.

Shi ya sa sayen sabon katin hoto mai tsada don tsohon akwati ba dabara ba ce. Allon ne zai daɗe, akwatin ne za a sauya. Mai sayen allo yanzu gara ya nemi mai VGA da HDMI a tare, waɗanda har yanzu suna nan da yawa a sababbi da na gwanjo: ya yi aiki da tsohuwar kwamfutar yau ba tare da konbata ba, ya karɓi sabuwar duk ranar da aka samu kuɗinta. Tsohon mai doron kuma kada a fasa shi a bayan shago ko a bar wa yara, domin gilashinsa na ɗauke da dalma.