Me Ya Haɗa Ɗalibin Hausa da Aristo?

A hutun da ya wuce, muna zaune wurin mai shayi a Garki, wani abokina ya ga littafin falsafa a hannuna, sai ya ce, "Kai da kake karatun Hausa, me ya haɗa ka da mutumin Girka?" Na yi dariya kawai, amma tambayar ta tsaya mini a rai.

An haifi Aristo a Sitagira a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi shekara 20 yana ɗaukar karatu a makarantar Aflaton a Atina, ya koyar da Iskandar na Makedoniya, sannan ya buɗe tasa makarantar. Ya rasu a 322. Bayan an fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, malaman Musulunci suka riƙa kiransa Malami na Farko, saboda shi ya tsara ilimin mandiƙi.

Ashe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya yi rubutu a kan mandiƙi, har ya yi jayayya da Imamu Suyuɗi da ya haramta shi. Hujjar Magili ita ce, a auna magana da gaskiyarta, ba da addinin wanda ya faɗe ta ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina nahawu ne. Aristo ya ce bambancin suna da aikatau shi ne aikatau na ɗauke da lokaci. A Girkanci haka ne. A Hausa fa? Ku duba "ya karanta" da "zai karanta". Aikatau bai motsa ba, zagin aikatau ne ya nuna lokacin. Ni da na tashi da Gwaranci, na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, wannan wurin ne ya fi ba ni wuya a aji ɗaya, don ina ta neman lokaci inda Ingilishi ya ajiye shi.

To, 'yan'uwa ɗalibai, muna haddace ma'anonin da suka samo asali daga wannan bawan Allah, ba mu san shi ba, balle mu gwada maganarsa da harshenmu. Ina roƙon malamanmu su sa mandiƙi cikin darasin nazarin harshe, ko da na mako 2 ne, kuma a koyar da shi da Hausa.